Fitilar Mendel

Kakana Gwadabe maƙerin gwangwani ne
a layin 'yan fitila, kasuwar Omdurman.
Daga Gumel ya taso a ƙafa, niyyarsa Makka,
guzuri ya ƙare a bakin Nilu,
sai ya kafa maƙera, ya yi aure, ya zama ɗan gari.

Wata rana wani Bayahude mai gyaran agogo,
Mendel, siriri kamar sillen kara,
ya kwance tsumma a gabansa, ya ce: Duba mini.

Fitila ce. Baki takwas a jere,
na tara a gefe, ya ɗan ɗara su tsawo.
Kakana ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce,
ya ce: Gwangwanin kifi ne.
Wanda ya yi ta ba shi da almakashi.
Da ƙusa ya huda, da cokali ya lanƙwasa,
kuma hannunsa na rawa, ga shaida a karkacewar baki.

Mendel ya ce: Sanyi ne, da yunwa.
Yayana ne ya yi ta, can ƙasar Folan,
lokacin da aka kewaye unguwarmu da waya
aka kwashe ta azurfar.
Daga nan bai ƙara ba.
Kakana ya liƙe bakin da ya ɓalle da dalma,
ya ƙi karɓar ko girshi.

Shekarar da mutanensu suka yi ta barin gari
Mendel ya kawo ta ajiya. Ya ce zai aiko.
Ta kwana a sanduƙin kakana, ta koma na babana,
ta iso nawa, tare da takardar gida.

Ni dillalin tsofaffin kaya na zama:
takubba, tulunan jabana, kuɗin da suka daina ci.
Sai ga wani baƙo, farar safa a hannu,
ƙaramin madubi manne a ido.
Ya ce a ƙasashen waje gwanjon irinta ake yi,
a sa ta a akwatin gilashi, da lamba, da kati.
Ya ce kada in goge tsatsar, ita ce kuɗin.
Ya ce da akwai takardar da ta nuna maƙerin bai fito da rai ba
da farashin ya ninka.
Ya faɗi adadi. Ba zan ɓoye ba, na haɗiyi yawu:
rufin ɗakina na yoyo, Asabe na jami'a.

Sai ya ɗora yatsa kan dalmar kakana,
ya ce: Kash, wannan gyaran ya rage mata daraja.

A nan na naɗe tsummana.
Na ce ajiya ce, mai ita bai zo ba tukuna.
Ya yi dariya har ya fita.

Ana nan, harsashi ya shigo Omdurman.
Kwana arba'in ba lantarki, ba leƙa ƙofa.
Wani dare na tsinci kaina a tsugune
da gwangwanin kifi da ƙusa,
ina huda, ina murza auduga, ina ɗiga man gyaɗa,
yara sun zuba mini ido,
hannuna na rawa.
Bakin ya fito a karkace.

Ranar fita, jaka ɗaya kowa.
Na bar takubban, na bar sikelin babana.

Yanzu muna Bur Sudan, ɗakin haya, iska mai gishiri.
Tana kan taga, tsatsa na ƙaruwa,
wato kuɗinta na hawa, in ji wancan.
Ban san addu'ar da ake yi mata ba,
don haka ba na kunna ta,
ƙura kawai nake hure mata ran Juma'a.

Jiya Asabe ta ce: Baba, wa ya ƙera ta?
Na ce yayan Mendel.
Ta ce: Sunansa fa?
Na yi shiru.
Kakana bai tambaya ba.